Kifin Teku a Kaskon Ƙanwata

Lokacin da muke yara a Illela, kifi ba abincin kullum ba ne. Wanda muka sani shi ne na tafkin Kalmalo, tarwaɗa da karfasa da gaiwa, sai kuma busasshe da fatake ke kawowa daga Argungu da Yawuri, wanda iyayenmu mata ke ɓoyewa cikin tukunya har sai an yi baƙo. Yanzu kuwa kifin da aka fi ci a garin nan ya fito ne daga teku, ruwan da yawancin masu cin nasa ba su taɓa gani ba. Yana zuwa a daskare cikin kwalaye, daga Ikko zuwa Sakkwato, daga Sakkwato zuwa nan. Muna ce masa kifin ƙanƙara. Talakan da nama ya fi ƙarfinsa yana iya sa gutsure ɗaya a miya, gida ya yi ƙamshi.

Ni na ga tekun. Na bar gida ina saurayi da shanun wani fatake, na kai su kudu, ban dawo da zama ba sai da furfura ta cika mini gemu. Na yi aikin girki a jirgin ruwa na ɗaukar kaya, na yi tafinta a tashar jiragen ruwa ta Abijan, na zauna Dakar da Nuwadibu da Jidda. A haka na tsinci Faransanci da Turanci, na ƙara a kan Larabcin da na tashi da shi a gidanmu, domin mahaifinmu malami ne mai makaranta. Wannan yawon ya sa idan wani abu ya faru a wata ƙasa mai nisa, ni ake juyowa a tambaya a majalisarmu ta bayan la'asar. Na saba da hakan har ya fara yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mijinta ya rasu, na gyara mata ɗaki a gidana, na ce ta dawo. Ta ƙi. Ta ce gidan da ta shekara talatin tana sharewa ba za ta bar wa ƙadangaru ba, kuma ba za ta zauna tana jiran a zubo mata tuwo ba alhali hannunta na motsi. Sai ta kama suyar kifin ƙanƙara. Kullum da yamma tana kafa kasko a ƙofar gida, ranar Lahadi kuma ta kai shi kasuwa. Mutanen Tozai da Lafani da Darna idan sun gama cinikinsu, wurinta suke biyawa su sayi tsarabar gida. Da wannan kaskon take ci, da shi take gyaran katanga bayan damina, da shi take riƙe da gidanta.

Abin da zan ba da labari ya faru ne a daminar da aka rufe iyaka tsakaninmu da Nijar. Dama kasuwa ta yi sanyi, domin mutanen Ƙonni sun daina shigowa yadda suka saba. Ana cikin haka rediyo ya kawo labarin cewa ƙasar Japan za ta fara sakin wani ruwa cikin teku, ruwan da aka tara daga tashar wutar nukiliyar da ta yi haɗari shekaru da suka wuce. Ba a yi mako ba sai ga wani bidiyo yana yawo a wayoyi. An nuna kifaye matattu birjik a bakin ruwa, sannan wata dabbar teku mai kama da karen ruwa, gashinta ya zube, jikinta duk gyambo. Wata murya da Hausa tana cewa wannan aikin tururin nukiliya ne, kuma irin wannan kifin ake daskarewa a turo wa baƙar fata.

Aka kawo mini wayar a majalisa. Mu a nan yuraniyom, makamashin nukiliya, ba baƙon suna ba ne. Da yawa cikinmu suna da ɗan'uwa da ya yi aikin haƙarsa a Arlit ta Nijar, kuma mun sha ganin manyan motocin da ke ɗauko shi suna bi ta Ƙonni da rakiyar sojoji. Saboda haka da na fara bayani kowa ya kasa kunne. Na ce guba ce da ba a gani, ba a jin warinta, wuta ba ta kashe ta. Wani ya tambaya ko tekun Japan ɗin daban yake da wanda ke Ikko. Ni kuma, don in nuna na yi yawo, sai na ce ai teku duk ɗaya ne, sunaye ne kawai suka bambanta, jirgi yana tashi daga wannan ya shiga wancan ba tare da ya taka tudu ba. Abin da na faɗa gaskiya ne. Na sha shayina na tafi gida ina jin na ilmantar da jama'a.

Ban yi tunanin da wane ma'auni za su auna maganar ba. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi Kalmalo girma ba, idan aka ce masa ruwa ɗaya ne, tafki yake gani a ransa. Kuma kowa a nan ya san abin da ke faruwa idan mugun masunci ya zuba maganin ƙwari a gefe ɗaya na tafki: kafin rana ta faɗi kifin ɗaya gefen ma ya juya ciki sama. Kafin Juma'a magana ta zagaye gari cewa Alhajin da ya yi aikin jirgi ya tabbatar.

Lahadi biyu a jere ƙanwata ta kai kifi kasuwa ta dawo da shi. Na farko ta rabar wa maƙwabta, wasu ma suka karɓa don kunya suka zubar. Na biyu ko maƙwabtan ba su karɓa ba. Ni ban sani ba, sai ranar Litinin da hantsi ta shigo gidana. Ta gaida iyalina, ta ƙi zama kan tabarmar da aka shimfiɗa mata, ta tsaya bakin ƙofar turakata.

"Yaya, mi kac ce ma mutane ga majalisa?"

Na fara yi mata bayani cewa ni ban ce kifinta yana da guba ba, batun teku kawai na yi. Ta bari na gama, domin ba ta taɓa katse ni ba tun muna yara.

"Kai ka ga teku, su ba su gan shi ba. In kac ce guda na, to guda na." Ta dubi ɗakin da na gyara mata tun shekarun baya, wanda yanzu aka cika da buhunan gero. "Sai ka sa a kwashe hatsin ga. Ka samu abin da kaka so."

Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, domin akwai ƙanshin gaskiya a cikinta. Na daɗe ina son ta dawo kusa da ni. Amma ban so ta dawo don na karya mata kasko da bakina ba.

Kwana uku na yi ina bin tashoshin rediyo, na Faransanci da safe, na Turanci da rana, na Larabci da yamma, ina gwada abin da wannan ya faɗa da na wancan. Ba su zama baki ɗaya a komai ba. Maƙwabtan Japan sun yi fushi, wasu sun hana shigo da kifinta, masuntan ƙasar kansu suna cikin damuwa. Amma a kan abu biyu duk sun haɗu. Na farko, bayan haɗarin an sami kifaye kusa da tashar da gubar a jikinsu, har aka hana kamun kifi a wannan yanki tsawon shekaru. Na biyu, masu awon ruwa da na kifi, na ƙasar da na waje, suna cewa idan aka yi nisa da wurin abin da ake samu bai kai ya cuci mai ci ba. Ban ji ko ɗaya ya ce an ga kifaye suna mutuwa birjik saboda tururin ba. Sai na tuna cewa ni kaina na taɓa ganin gaɓar teku ta yi fari da matattun kifi a Nuwadibu, ruwa ya yi jaja-jaja yana wari, tun shekaru da yawa kafin wannan haɗarin. Masuntan can suka ce mini abu ne da ke zuwa idan ruwa ya yi zafi.

To amma bidiyon fa? Shi ne mutane suka gani da idonsu, ba rediyo ba. Sai na hau babur ɗin haya na tafi Kalmalo wurin ɗan kawuna, wanda abokin wasana ne. Masunci ne tun tashinsa, bai taɓa wuce Sakkwato ba, kuma bai taɓa barin in manta cewa duk yawona ban iya jefa birgi, ragar kamun kifi, ba. Na same shi ƙarƙashin wata bagaruwa yana ɗinkin komar kamun kifi. Ya ce lafiya sarkin yawo ya tuna da talakawansa, ko kuwa an kore ni daga majalisa ne. Na miƙa masa wayar.

Ya kalla sau ɗaya, ya ce in mayar. A karo na biyu ya sa ɗan yatsa ya ce in tsayar, ya matso da wayar har kusa da hancinsa. Sai ya fashe da dariya, har da buga cinya.

"Kai da kac ci duniya, wagga ba karfasa ba ta? Ga kainuwa nan ga bado. Can tekun naku kainuwa na hitowa?"

Na duba. Kainuwa ce kuwa, kore shar, a tsakanin matattun kifayen. Na shekara fiye da ashirin ina kallon teku, ban taɓa ganin kainuwa a ruwan gishiri ba, amma sau biyar na kalli bidiyon nan idona bai kai wurin ba. Ya ce in dubi bakunansu duk a buɗe, kuma manya ne suka fi yawa. Ya ce haka suke yi a Kalmalo idan ruwa ya ja baya zafi ya yi yawa, ko ruwan farko ya kwaso dattin tudu ya zuba: numfashi ne ke ƙare musu, manya su riga ƙanana mutuwa. Da muka ci gaba da kallo ni ma na ga rabona. A bayan masu kwashe kifin akwai wani allo, rubutun da ke jikinsa da baƙaƙen boko ne, ba irin rubutun Japan ba, wanda na saba gani a jikin jiragensu. Da muka zo kan dabbar mai gyambo sai ya mayar mini da wayar. Ya ce wannan bai san ta ba, kuma abin da bai sani ba ba ya sa baki a ciki, ba kamar wasu alhazai ba.

Daga baya na ji a rediyo cewa irin waɗannan dabbobi an bincika su, ba a sami alamar cewa tururin ne ya sa musu ciwon ba. An fi zargin cututtukansu da ɗumamar ruwa, wasu kuma har yanzu ba a gano dalilin ba.

Kashegari na tafi ɗakin sanyin da masu suya ke sarin kifi. Mai wurin ɗan ƙabilar Ibo ne da ya daɗe a garin har Hausarsa ta koma Sakkwatanci. Shi ma ciniki ya tsaya masa, injin yana ta shan mai a banza. Na roƙe shi ya bar ni in karanta kwalayen. Ya ba ni wata tsohuwar rigar sanyi na ɗora kan babbar rigata, na shiga da tabarau da fitilar waya. A jikin kowane kwali akwai sunan ƙasar da aka kama kifin. Babu wanda ya taɓa kula da shi, domin mata yayyaga kwalin suke yi su hura wuta. Na ga Norway, na ga Holan, na ga Muritaniya, har da sunan Nuwadibu, garinta da na taɓa zama. Duk waɗannan suna gefen duniyar da ke nesa da Japan, nisan da jirginmu kan yi makonni yana tafiya. Raina ya yi fari. Sai a can lungu na ci karo da wasu kwalaye kaɗan masu wancan rubutun na Japan da na sani, a ƙasansa kuma an rubuta sunan ƙasar da Turanci.

Na daɗe tsaye a cikin sanyin nan. Ni kaɗai ne a garin zan iya gane su, mai ɗakin ma bai lura ba. Da na yi shiru, da magana ta ƙare lafiya, in fita in ce duk kifin Illela na Turai ne da Muritaniya. Amma rabin gaskiya ne ya jawo wannan ɓarnar tun farko. Na gaya wa mai ɗakin, na ce ya sayar mini da kifi uku daga cikin kwalin Japan ɗin, na kuma roƙi gefen kwali ɗaya-ɗaya daga kowace ƙasa.

Na kai wa ƙanwata duka, na zayyana mata abin da na gani da abin da na ji, har da wanda ban sani ba. Ta juya kifayen ukun a hannunta, ta shinshina, ta danna cikinsu da yatsa. Ta tambaye ni ko ni zan ci. Na ce zan ci.

"Ina? Cikin ɗaki?"

Na gane abin da take nufi. A gidanmu namiji babba ba ya cin abinci a kasuwa. Mahaifinmu ya karantar da mu cewa hakan yana zubar da mutunci, har alƙalan zamanin da suna iya ƙin karɓar shaidar mai yin sa. A Dakar na ga manyan mutane da manyan riguna suna cin gasasshen kifi a bakin titi, a Jidda ma haka, ni ma na ci tare da su. Amma a Illela, tun da na dawo, ko gyaɗa ban taɓa jefawa a baki a cikin kasuwa ba. Ita ma ta san haka sarai.

Ranar Lahadi ta kafa kaskonta a inda ta saba, kusa da masu albasa. Ta ɗaure gutsattsarin kwalayen a jikin sandar rumfa da zare. Ɗan kawuna ya zo da kansa, wai ba zai bari a ba shi labarin wannan rana ba. Aka kawo mini kujera 'yar tsugunno na zauna da babbar riga da rawani. Ta soya kifin Japan ɗin a gaban kowa, ta barbaɗa yaji, ta miƙo mini a takarda. Na ce wa waɗanda suka fara taruwa wannan daga ƙasar da ake magana ya fito, na yi bisimilla na ci. Kunya ta sa ban ji ɗanɗanon loma ta farko ba. Ta biyu kuwa na ji, kifi ne mai mai, ya yi daɗi.

Ba zan ce cin nawa ya gamsar da kowa ba. Wani mahauci ya ce ai an ce gubar sai bayan shekara ashirin take tashi, Alhaji kuwa ya san ba zai jira ta ba. Aka yi dariya, ni ma na yi, domin ya faɗi gaskiya. Wanda ya fi ni aiki a ranar shi ne ɗan kawuna. Ya karɓi wayar wani ya riƙa nuna wa mutane kainuwa da bado, ɗaya bayan ɗaya, yana tambayarsu ko su ma sun yi yawon duniya ne har idonsu ya lalace. Mutanen ƙauye da suka ga karfasa suka gane ta nan take. Ni kuma aikina ya koma karanta kwali. Na yi ƙoƙarin gyara maganata ta majalisa. Na ce ruwan a haɗe yake, amma na taɓa yin kwana goma sha biyu a kansa ban ga tudu ko tsuntsu ba, kuma cokalin gishirin da zai ɓata kofin ruwa ba zai canza ɗanɗanon Kalmalo ba.

Wata dattijuwa daga Lafani ta matso, ta ce ɗiyarta na da juna biyu, kuma kifi kawai take iya ci. Ta ce in gaya mata tsakanina da Allah. Na ce mata masu awo sun ce ko na Japan ɗin da ake fitarwa ba ya cutarwa, ni kuma na yarda da su har na ci, amma ni ba mai awo ba ne. Idan tana son hankalinta ya kwanta, ga na Muritaniya, na san ruwan, na yi wanka a cikinsa. Ta sayi biyu. Ita ce ta buɗe wa ƙanwata kasuwa a ranar.

Ciniki bai dawo gaba ɗaya ba. Lahadin da ta biyo an sayar da rabi, kafin kaka kuma kasko ya koma tashi babu saura. Akwai gidajen da har yau ba sa cin kifin ƙanƙara, ban kuma ga laifinsu ba. Wasu dattawan gidanmu sun yi wata guda suna amsa gaisuwata a taƙaice. Ƙanwata ba ta taɓa yi mini godiya ba, ni ma ban sa rai ba, amma ranar Juma'ar da ta biyo ta aiko mini da kifi huɗu a kwano, da yaji a ƙulle daban, yadda nake so. Tana nan a gidanta. Bana ma ta sake rufin ɗakin girkinta da kwano.

Tun daga wannan damina masu suyar kifi a kasuwar Illela suka daina ƙona gefen kwalin da ke ɗauke da sunan ƙasa. Kowacce tana rataye nata a rumfa, kuma ƙanwata, wadda ba ta yi boko ba, tana gane sunayen ƙasashe huɗu da ido ba tare da ta nemi ni ba.